Birin Dare da Baiwar Allah ta Dutse: Me Littafin Masana Ya Ce a Kansu?

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ajiye zancen taki da iri tukuna, mu duba waɗansu ƙananan halittu biyu da suke zama a bakin gonakinmu. Ɗaya dabba ce mai yawon dare, ɗaya kuwa tsuntsuwa ce mai waƙa da rana. Namansu bai isa loma uku ba, ba su kuwa yi wa manomi ɓarnar da za a kai ƙara. Abin da ya sa muka ɗauko zancensu shi ne, a babban littafin da masanan duniya suke rubuta halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa, an sa su biyun a layi ɗaya, watau layin waɗanda babu fargaba a kansu tukuna. Mu da muke zagaya ƙauyuka muna ganin yadda itatuwa da duwatsu suke tafiya, muna so ƙungiyoyinmu su gane abin da wannan magana take nufi, da kuma inda iyakarta take, tun ba a zauna shawarar sayar da kurmi ko dutsen gari ba.

Birin dare

Duk wanda ya taɓa haska tocila cikin itace da dare ya ga idanu biyu jajaye kamar garwashi, kafin ƙiftawar ido sun koma wani reshe, to, ya riga ya gamu da shi. Kowace kabila tana da sunan da take kiransa. Turawa suna ce masa jaririn daji, saboda kukan waɗansu manyan 'yan'uwansa ya yi kama da na jariri. A littafi sunansa galago. Mu a nan za mu ce masa birin dare.

Bai kai kurege girma ba. Nauyinsa yakan kama daga gram 150 zuwa 300, wutsiyarsa kuwa ta fi jikinsa tsawo. A bayan ƙwayar idonsa akwai wata 'yar fata mai mayar da haske, irin ta kyanwa, ita ce take sa idon ya yi ƙyalli cikin tocila, ita ce kuma take ba shi gani cikin duhu. Kunnuwansa faffaɗa ne, marasa kauri, yakan juya kowanne dabam yana sauraron motsin ƙwaro, in zai ratsa ƙaya kuma ya naɗe su kamar ganye. Ƙafafunsa na baya dogaye ne ƙwarai. An auna tsallensa, an ga daga zaune yana iya tashi sama fiye da mita biyu. Yana da wata al'ada da za ta ba ku dariya: yakan yi fitsari a tafin hannu ya shafa a ƙafa, domin duk reshen da ya taka ya bar warinsa, 'yan'uwansa su san ya bi ta nan.

Abincinsa fara ne, da shinge, da buzuzu, da sauran ƙwarin dare, da 'ya'yan itace in an samu. Da rani, sa'ad da ƙwari suka yi wuya, sai ya koma ga ƙaro, irin wanda ke tsatsowa daga dakwara da farar ƙaya da danginsu. Haƙoransa na ƙasa na gaba sun jeru sun kwanto kamar matsefi, da su yake kankare ƙaron daga jikin itace, da su kuma yake taje gashinsa. Da rana yana barci a kogon itace, ko cikin duhuwar ganye, ko a tsohuwar sheƙar tsuntsu. Macen takan ɗauki ciki wata huɗu da 'yan kai, ta haifi ɗa ɗaya, jefi-jefi tagwaye. Ba ta goyo irin na jan biri. Da baki take ɗaukar ɗan, ta ajiye shi a kan reshe ta tafi kiwo, kafin gari ya waye ta komo ta ɗauke shi.

Kogon nan da yake kwana ba kullum yake tsare shi ba. A shekara ta 2007 masu bincike a Fongoli, cikin ƙasar Senegal, suka ba da labarin manyan biran nan da ake kira cimfanzi suna karya reshe, su feƙe bakinsa da haƙori, su soka cikin kogo su fito da birin dare su cinye.

Yadda ake jera halitta

Tun cikin littafin Farawa muka ga aikin raɗa wa dabbobi suna yana hannun mutum. Tsarin da masana suke bi yau, wani mutumin ƙasar Suwidin ne ya kafa shi, Karl Liniyus, ɗan wani fasto, wanda aka haifa a 1707. A bugu na goma na littafinsa, wanda ya fito a 1758, ya ba kowace dabba suna mai kalma biyu da Latinanci, ta fari sunan gida, ta biyu sunan iri. Tsarin ya yi kama da adireshin wasiƙa: ƙasa, jiha, gari, unguwa, gida, sa'an nan sunan mai karɓa. A nan sai mu ce aji, kabila, dangi, gida, da iri.

Birin dare da baiwar Allah tafiyarsu ɗaya ce har zuwa ga masu ƙashin baya. Daga nan hanya ta rabu. Shi yana ajin masu shayar da 'ya'yansu nono, tare da akuya da ɓera da jemage. Ai kun ji ana yi wa jemage ba'a cewa ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Wurin masana shari'ar ta ƙare tuntuni: yana da gashi, yana haihuwa, yana shayarwa, fiffike kuwa ba ya mai da shi tsuntsu.

Cikin wannan aji, birin dare yana kabilar birai, wadda ke da iri wajen 500. Alamarsu ita ce hannu mai kama abu, da farce maimakon akaifa, da idanu biyu a gaba. Liniyus ya sa ɗan Adam ma a wannan kabila, bisa ga ginin jiki, gama ƙirar jiki yake lissafawa. Kabilar ta rabu biyu. Akwai masu busasshen hanci, su ne jan biri da tsula da gwaggon biri, waɗanda kowane mai gonar masara ya san halinsu. Akwai kuma masu danshin hanci irin na kare, a nan birin dare yake, tare da waɗansu birai na tsibirin Madagaska da ake kira lemur, da loris na Indiya da gabashinta, da foto na kurmin kudu. Ashe dangantakarsa da jan biri ta nesa ce ƙwarai. Mun jaddada wannan domin sunan biri yana jawo masa jifa a banza. Yara sukan bi shi da danƙo kamar ɓarawon masara, alhali shi farar da ke cin ganyen masarar yake kamawa.

Cikakken sunansa Galago senegalensis. Wani masani Bafaranshe mai suna Geoffroy ne ya raɗa masa a 1796.

Ita kuwa tsuntsuwarmu tana kabilar masu kama reshe, watau masu yatsu uku gaba ɗaya baya. Wannan kabila ta ɗauki fiye da rabin irin tsuntsayen duniya, waɗanda jimlarsu ta kai wajen 11,000. Cikinta akwai reshen mawaƙa, masu wani maƙoshi na musamman a daidai inda hanyar numfashi ta rabu biyu, kuma yawancinsu koyon waƙa suke yi daga manyansu, kamar yadda yaro yake koyon harshen gidan da ya tashi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Kanari yana cikin mawaƙan nan, har hankaka ma, ko da yake muryarsa ba ta nuna ba. Dangin baiwar Allah ƙananan masu cin ƙwayar ciyawa ne, iri wajen 140, a Afirka da Asiya da Ostareliya. Gidansu kuwa ana ce masa Lagonosticta, iri goma ko sama da haka kaɗan, dukansu a Afirka.

Wadda kuka sani, 'yar jar nan da ke shigowa tsakar gida tana tsintar tsaki ba tsoro, har ta yi sheƙa a jinka, ita ce Lagonosticta senegala, Liniyus da kansa ya sa mata suna a 1766. Kun ga Senegal ta fito a sunanta kamar yadda ta fito a na birin dare. Dalili kuwa, daga can aka fara kai su hannun masanan Turai. Wadda muke zance a kanta 'yar'uwarta ce ta kan dutse, Lagonosticta sanguinodorsalis, ma'anar kalma ta biyu mai baya ja kamar jini. Tsawonta bai wuce santimita 11 ba. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce baki da baya. Ta gida bakinta ja-ja ne, bayan namijin kuma ƙasa-ƙasa. Ta dutse bakinta shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka, namijin bayansa ja wur, tsakar kansa toka-toka. Ba ta shiga gida, sai gindin duwatsu masu sarƙaƙiya da ciyawa.

Murya ce ta tona su

Ga abin mamaki: tsuntsuwar nan ba ta shiga littafi ba sai a 1998, shekara 202 bayan birin dare, alhali tana zaune kusa da Jos, garin da masu duban tsuntsaye suka daɗe suna kai da kawowa tun zamanin haƙar kuza. Yadda aka gane ta ma labari ne.

Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai ƙyalli, ɗan'uwan zalaidu, wanda macensa ba ta yin sheƙa. Takan faki idon baiwar Allah ta saka ƙwanta cikin nata. Ba ta fasa na mai gida, sai a ƙyanƙyashe su tare, a ciyar da su tare. Cikin bakin ɗan baƙon akwai ɗige-ɗige irin na 'ya'yan mai gida sak, saboda haka uwar riƙo ba ta ganewa. Namijin da ya tashi a wannan sheƙa yakan koyi waƙar uban riƙonsa, in ya girma ya riƙa rera ta yana neman mace, macen da ta tashi a irin wannan sheƙa kuma ita ce za ta amsa masa. Ta haka kowane irin baƙin tsuntsun nan ya manne wa irin baiwar Allah tasa. Na cikin gari ya manne wa ta gida.

Wani masani daga Jami'ar Mishigan ta Amurka, Robert Payne, ya yi shekaru da yawa yana ɗaukar muryoyin tsuntsayen nan a ƙasashen Afirka. A kan tudun Jos akwai wani irinsu, wanda shi ya sa wa suna maryae a 1982, da ke rera waƙar da ta sha bamban da ta baiwar Allah da ake tsammani ita ce mai riƙonsa. Mai kwaikwayo kuwa ba ya kwaikwayon abin da babu. Da aka bi sawun waƙar sai ga mai ita a gindin duwatsu. Watau ɗan cin arziki ne ya nuna gidan mai gida.

Birin dare ma haka aka yi da danginsa. Da yake da dare suke yawo, kuma kamanninsu kusan ɗaya ne a idon mutum, masanan da suka duba fatu a gidajen ajiya sun lissafa iri wajen shida kaɗai. Da aka shiga daji da na'urar ɗaukar murya sai aka tarar kowane iri da kiransa, gama cikin duhu da murya suke gane juna. Yau ana lissafa iri wajen ashirin.

Kada a ce wannan gardamar malamai ce kawai. Abin da ba shi da suna ba ya shiga littafi, abin da bai shiga littafi ba kuwa ba mai tambayar lafiyarsa. Har wa yau, in aka raba iri ɗaya ya zama uku, ƙasar kowanne takan tsuke. Akwai wani ɗan ƙaramin galago na Rondo a Tanzaniya, wanda aka ware shi iri dabam a shekarun 1990, sai aka tarar a 'yan guntayen kurmi kaɗan na bakin teku kaɗai yake. Yana cikin waɗanda ke haɗarin ƙarewa.

Jan Littafi da matakansa

Ƙungiyar da ke riƙe da littafin nan sunanta IUCN. An kafa ta a 1948, ofishinta yana ƙasar Suwizalan, tun 1964 kuma take tattara abin da ake kira Jan Littafi. Tsarin da ake bi yanzu na 2001 ne. A can ƙarshe akwai waɗanda suka ƙare ƙaf, da waɗanda suka ƙare a daji sai a gidan ajiyar dabbobi. Sai matakai uku na haɗari: bakin kabari, haɗari, da rauni. Sai na dab da shiga haɗari, sa'an nan na babu fargaba. Akwai kuma wurin ajiye waɗanda ba a tara isasshen labari a kansu ba.

Ba da ka ake sa halitta a mataki ba, akwai ma'auni. In iri ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma, ko a tsawon zuriya uku in wannan ya fi tsawo, ya shiga rauni. Kashi 50 haɗari ne, kashi 80 bakin kabari. Ana duban faɗin ƙasar da yake zaune: in ba ta kai murabba'in kilomita 20,000 ba, tana kuma yankakkewa tana raguwa, ya shiga rauni. Ana duban yawan manya masu haihuwa: ƙasa da 250 haɗari ne, ƙasa da 50 bakin kabari.

Da wannan ma'auni aka auna namu biyun, duka suka faɗa layin babu fargaba, amma kowanne da dalilinsa. Birin dare faɗin ƙasa ne ya cece shi. Yana nan tun daga Senegal, ya ratso Mali da Nijar da arewacin Nijeriya da Cadi da Sudan, har Habasha da Kenya da Tanzaniya. In ya ƙare a gunduma guda, lissafin duniya ba zai ko motsa ba. Cikin kabilarsa yana cikin masu sa'a, gama wani babban bincike da aka buga a 2017 ya nuna wajen kashi 60 cikin ɗari na irin birai suna cikin matakan haɗari. A wajen tsuntsaye kuwa, rahoton 2022 ya ce kimanin ɗaya cikin takwas.

Baiwar Allah ta dutse ƙasarta ƙarama ce: tudun Jos da duwatsun kewayensa, sai duwatsun Mandara a kan iyakarmu da Kamaru. Da fari an ɗauka a Nijeriya kaɗai take, daga baya aka gan ta a arewacin Kamaru. Abin da ya tsare ta shi ne mazauninta bai faɗi ƙasa da ma'aunin ba, ba a kuwa ga alamar tana raguwa da saurin da zai sa a ɗaga ta ba. A ganinmu dutsen ne ya yi mata rana, tun da garma ba ta hawansa.

Domin ku ga faɗin wannan layi na babu fargaba, jan baki ma a cikinsa yake, tsuntsun da ke sauka a kan gero da dawa da shinkafa kamar hadari, wanda aka ƙiyasta yawansa ya kai biliyan ɗaya da rabi. Shi da 'yar tsuntsuwar da ke laɓe a duwatsun jihohi kaɗan, layinsu ɗaya. Domin ku ga kuma yadda abin yakan juya, akwai wani tsuntsu ɗan dangin kabare a kurmin ƙasar Ibadan, malimbe, wanda aka sa wa suna a 1958. A duk duniya a kudu maso yammacin Nijeriya kaɗai yake. Da aka yanyanka kurmin, sai ya koma matakin haɗari, yana can har yanzu.

Wajen doka kuwa su biyun sun rabu. Akwai yarjejeniyar cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, ta fara aiki a 1975, Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Yarjejeniyar ta ɗauki kabilar birai dukanta, saboda haka birin dare yana jeri na biyu, ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini. Nijeriya ta yi tata doka a 1985 domin zartar da wannan, aka ƙara tsananin tararta a 2016. Baiwar Allah ta dutse ba ta cikin jerin ko kaɗan. Mai faɗin ƙasa ya sami takarda, mai 'yar ƙasa ba ta samu ba. Abin da ya rage wa ƙananan tsuntsayen Afirka ta Yamma wahalar keji shi ne hanin da Tarayyar Turai ta yi na shigo da tsuntsayen daji, wanda ta fara a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta tabbatar da shi a 2007.

Abin da littafin ba ya gani

Jan Littafi lissafin duniya yake yi. Ba ya lissafin Kagoro ko Panyam ko Gwoza. Halitta tana iya ɓacewa daga ƙauyuka ɗari, sunanta yana nan a layin babu fargaba. Nan ne maganar ta zo hannunmu.

Birin dare abu uku yake bukata: tsohon itace mai kogo, itacen ƙaro domin rani, da itatuwa kusa da juna yadda zai yi tsalle daga wannan zuwa wancan. Yana iya sauka ƙasa ya yi tsalle-tsalle da ƙafa biyu, amma a nan kare da kyanwa da mujiya suke samunsa. Ku duba fa, itacen da mai gawayi da mai faskare suke fara sa wa gatari shi ne babba tsoho, wanda muke cewa ya gama amfani. Kogo kuwa ba ya samuwa a ɗanyen itace, sai an yi shekaru masu yawa. Da yake ɗa ɗaya macen take haifa, sau ɗaya ko biyu a shekara, in aka kashe 'yan kaɗan a wuri sai a daɗe ba su cika ba. Irin su baiwar Allah sukan saka ƙwai uku ko huɗu a zama ɗaya, suna da saurin farfaɗowa muddin mazauninsu yana nan.

Muddin yana nan, muka ce. A Amurum, kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, akwai daji mai faɗin hekta wajen 300 wanda jama'ar wurin suka yarda a keɓe. A nan aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, ƙarƙashin Jami'ar Jos, an kuwa ga irin tsuntsaye wajen 300 a wannan ɗan wuri. Masu bincike sun ɗaura wa baiwar Allah ta dutse 'yan na'urori suka bi yawonta. Sakamakon da suka buga a 2008 ya nuna mata da miji suna zama tare, suna sheƙa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, lokacin da ƙwayar ciyawa ta nuna. Da rani kuma yawonsu yakan faɗaɗa, domin dole su sauko daga dutse su sha ruwa a rafin da ke cikin kurmi. Mai cin busasshiyar ƙwaya ba ya daɗewa ba ruwa.

Ashe dutse kaɗai bai ishe ta ba, sai da rafi mai inuwa a kusa. Bakin rafin nan kuwa shi ne inda muke share wa lambun tumatir da kabeji da dankalin Turawa. Ba mu ce a bar noman rani ba, mu ne ma muke koyar da shi, shi ke biyan kuɗin makarantar yara a gidaje da yawa. Abin da muke roƙo shi ne a bar ɗamarar itatuwa da sarƙaƙiya a bakin ruwa, kada a share har gaɓa. Ko ba don tsuntsu ba, ɗamarar nan ita ke riƙe gaɓa kada ta zabge, ita ke sa kududdufi ya kai watan Maris. Kada kuma a wanke famfon feshi a kududdufin da ya rage, gama duk abin da ke da rai a wannan kwari a nan yake sha, har da awakinmu.

Zancen wuta yana da 'yar sarƙaƙiya. Malaman daji sun daɗe suna cewa in dole sai an ƙona, gara ƙunar wuri, tun ciyawa da sauran danshi, domin ba ta cin itatuwa kamar ta tsakiyar rani. Gaskiya ne. Amma ƙunar wurin tana faɗawa daidai lokacin da tsuntsuwar nan take da ƙwai ko 'ya'ya a ƙasa-ƙasa cikin ciyawa. Ta tsakiyar rani kuwa ita ke shiga kogo ta cinye tsohon itace daga ciki, da birin dare da zumar da ke ciki. Shawararmu ita ce, gindin dutse da bakin rafi a yi musu sharar wuta a kewaye, a hana ta shiga ko da wuri ko a makare. Aikin gayya ne na yini ɗaya ga ƙungiya mai mutum ashirin.

Sai babbar magana, ta fasa dutse. In ɗan kwangila ya zo da tifa yana neman dutsen gari domin tsakuwa, kuɗin da zai ajiye a gaban dagaci da dattawa ba ƙarami ba ne, ƙauye kuma yana bukatar rijiya da rufin makaranta. Ba za mu ce kowane dutse haramun ne ba. Amma itace in an sare yakan toho, dutsen da aka niƙa ya tafi ke nan. In ya tafi, iri biyu ne suka rasa gida a wannan wuri, gama baƙin tsuntsun nan na tudun Jos ba shi da wata sheƙar da zai saka ƙwai sai ta baiwar Allah ta dutse. In za a sayar, a zaɓi falalen dutse mai sanƙo, a rubuta iyaka cikin takardar yarjejeniya, a bar masu sarƙaƙiya da maɓuɓɓuga. Mun lura inda aka yi ciniki da baki kawai, iyakar takan yi ta matsawa.

Wajen itatuwan gona, 'yan'uwanmu na ƙasar Maradi a Nijar sun nuna hanya. Tun daga 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM, Tony Rinaudo, tare da manoman wurin suka fara abin da suke kira sassaben zamani: maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su, a sare sauran. An ƙiyasta wannan dabara ta mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan biyar. Dakwara da farar ƙaya da suka tashi ta haka za su ba birin dare ƙaro da hanyar tsalle cikin 'yan shekaru. Kogon kwana ne ba za su ba shi da wuri ba, saboda haka a kowace gona a bar tsoho ɗaya ko biyu a tsaye.

Matakin da ke cikin Jan Littafi akan sake duba shi lokaci lokaci, da labarin da aka samu daga ƙasa ake sake shi. Tun 2015 cibiyar Amurum take tattara rahoton tsuntsayen Nijeriya daga hannun masu sa kai, domin zana taswirar inda kowane iri yake. Muna ba da shawara magatakardan kowace ƙungiya ya keɓe shafi biyu a bayan littafin taro, ya riƙa rubuta wata da wurin da aka ga ɗayan halittun nan. Mai neman baiwar Allah ta dutse ya zauna shiru kusa da ruwa a gindin dutse da sassafe cikin rani, ya dubi launin baki. Mai neman birin dare ya fita bayan faɗuwar rana da kamar sa'a ɗaya, ya riƙe tocila a gefen kansa daidai da idonsa, gama in ya riƙe ta a ƙugu ƙyallin idon ba zai komo gare shi ba.